Gaisuwar Suruki a Gidan Ihu

Sanda bai je Legas don kallon kiɗa ba. Aikensa aka yi.

Yayansa Alhaji Balarabe ne ya kira shi zaure a Funtua, ya gaya masa cewa wani yaro a Agege, Zulkifilu, ya fito neman Badiyya, 'yar marigayi ɗan'uwansu Sabi'u. Uwarta Kande ta bugo waya ta ce yaron na kirki ne. Amma a wurin Alhaji Balarabe, tambayar uwa halin wanda 'yarta ke so daidai yake da tambayar mai tallan nono ko ta zuba ruwa.

"Ka je ka gano mini da idonka," in ji shi. "Abu ɗaya nake son sani. Yana da kunya ko ba shi da ita? Na ji an ce yaran Ikko a tsaye suke gaida surukansu, har da miƙa hannu. In irinsu ne, ba zan karɓi iyayensa ba, ko da shi ya gina gadar teku."

Ba a zaɓi Sanda don wayo ba. An zaɓe shi ne don bai iya ƙarya ba. Ya sha gwadawa, sai ta tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, mutum mai juya magana a zuci har ta huce kafin ya furta, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Matarsa ta taɓa cewa in gobara ta kama gidansu, sai ta cinye ɗaki da rumbu kafin maƙwabta su gane Sanda na neman ɗauki.

Ya sauka Agege da ƙafafu a kumbure. Kande, wadda ke sayar da tuwo kusa da layin dogo, ta tare shi da muciya a hannu.

"Ƙanin miji, leƙen asiri aka turo ka ke nan?"

"Ziyara na zo, matar yaya." Maganar ta maƙale masa, ya yi tari. "To, rabinta ziyara ce."

"Na sani ai. Fuskarka ma kamar ta mai karɓar haraji. Shigo ka ci abinci, ɗan sandan ciki ma yana jin yunwa."

A bangon ɗakinta akwai tsohon hoton Sanda da marigayi Sabi'u ranar wata Sallah. Ta nuna masa da baki. "Ka ga yaron ma ya riga ya san ka. Duk ranar da ya zo gaishe ni, a ƙarƙashin hoton nan yake tsugunawa. Har tambaya ya yi ko kana da faɗa. Na ce masa kai ko kaza ba ta matsa maka a hanya."

Sanda ya fara bincike yadda aka saba, ba tare da ya haɗu da yaron ba. Ya je wurin limamin unguwa. Liman ya ce ba a rasa Zulkifilu a sahu, sai dai Asabar. Ya zauna wurin mai shayi. Mai shayi ya ce yaron ba ya zagi, ba ya zama da 'yan shaye-shaye, sai dai Asabar. Daga nan kowa sai ya kama wani zance. Sanda ya ɗauki wannan Asabar ɗin ya tafi da ita abbatuwa, wurin Khamisu dillalin fata, wanda Zulkifilu ke yi wa aiki.

"Oga Sanda, yaron nan ko mabuɗin sito na bar masa, barci nake har da minshari," in ji Khamisu, yana watsa gishiri a kan fata. "Sai dai Asabar."

"Don Allah me yake yi ranar Asabar? Giya?"

"A'a."

"Caca?"

"Ina."

"Mata?"

"Haba dai."

"To me?"

Khamisu ya duba hagu da dama. "Ihu."

"Wa ke dukansa?"

"Ba kowa. Shi ya ga dama. Har biya mutane ke yi su ji."

Da ya koma gida ya tambayi Badiyya. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. "Waƙa ce, Baffa. Post-hardcore ake ce mata. Su huɗu ne, shi ne mai murya. Sunan ƙungiyarsu Birki Ya Tsinke."

Sanda, wanda da safen nan ya hau danfo, ƙaramar motar hayar Legas, bai ji daɗin sunan ba. Sunan waƙar na Turanci kuwa ko gwada faɗinsa bai yi ba. Ta nuna masa hoton yaron a waya, siriri cikin kaftani, kamar mai shirin ba da haƙuri.

"Baffa, don Allah kada ka je. Ba wurin babbar riga ba ne."

"In ban je ba, me zan ce na gani?" Ya sa ta yi alkawarin ba za ta sanar da yaron ba.

Duk da haka abin ya tsaya masa a rai. Shin adalci ne ka je ka kalli mutum a wurin da bai san ana kallonsa ba? In ya sani, zai gyara, ka ga ba shi ka gani ba. In bai sani ba, ka zama ɓarawon hali. Har ranar Asabar bai warware wannan ba, ya dai saka babbar rigarsa mai ruwan toka, ya kafa hula, ya hau danfo zuwa Ikeja.

Wurin wani tsohon sito ne a bayan gidan buga takardu. Da an yi la'asar suke farawa, domin da daddare wani coci ne ke karɓar ɗakin. Wata yarinya mai zobe a hanci ta kalle shi daga hula har takalmi, ta tambaye shi da Turanci ko bai ɓata hanya ba. Ya ce bai ɓata ba. Ta buga masa tambari a bayan hannu, kamar buhun da aka gama awonsa.

Yana shiga ya ga kowa da baƙaƙen kaya. Ya zaci rasuwa aka yi. Har ya fara haɗa kalmomin ta'aziyya a ransa, sai ya lura babu mai alamar baƙin ciki, wasu ma gyaɗa suke ci. Ya samu gefen wani ginshiƙi ya tsaya, ya harɗe hannu a baya.

Mutum huɗu suka hau dandamali. Wani Bayarabe mai kitso da jita, wata doguwar yarinya da jita mai kaurin murya, wani ƙato a bayan ganguna, sai siririn nan na cikin hoto, ba kaftani, da baƙar singileti.

Mai jita ya taɓa waya ɗaya, sai wata ƙara ta fito. Sanda ya san ƙarar nan. Ita ce kukan lasifikar da ta yage, wadda ya ƙare ƙuruciyarsa yana cire wa mutane daga rediyo. Tausayi ya kama shi, ya ce a ransa yaran nan an cuce su a wurin hayar kaya. Sai ya ga mai jitar ya taka wani ɗan akwati da ƙafa, ƙarar ta ninka, jama'a suka yi shewa. Ashe da gangan ne. Ashe abin da ake biyansa ya kashe a Funtua, shi ake biya a rayar a Ikeja.

Sannan Zulkifilu ya buɗe baki.

Sanda ya taɓa jin kukan raƙumi da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa, ya kuma ji na injin niƙa da dutse ya shiga. Wannan ya haɗa duka biyun. Jijiyoyin wuyan yaron suka miƙe, ya lanƙwashe kamar mai ciwon ciki. Amma can cikin ihun akwai kalmomi, wasu da Hausa, wasu da Yarabanci, a kan gosulo, da kuɗin haya, da wani uba da bai dawo daga Apapa ba. Sanda ya tsinci kansa yana kasa kunne, abin da bai yi niyya ba.

Ana cikin haka kiɗan ya yi sanyi. Ganga ta koma ɗan taku, jita ta koma kamar ɗigon ruwa a kwano. Zulkifilu ya tsuguna a bakin dandamali yana raɗa, sai duk ɗakin suka tsuguna tare da shi, suna jira. Sanda kaɗai ya rage a tsaye, yana mamakin wannan ladabi. Bai gama mamakin ba yaron ya zabura ya kwarara ihu, ganga ta fashe, mutanen suka yi tsalle gaba ɗaya kamar fara. Daga nan tsakiyar ɗakin ya buɗe, samari suka shiga bangazar juna, kafaɗa da kafaɗa.

Ɗan Funtua ba ya ganin faɗa ya wuce. Sanda ya tattare hannun riga ya kutsa.

"Haba samari, me ya yi zafi? Ku yi haƙuri. Kai, sake shi. Wa ya fara?"

Babu wanda ya ji shi. Ya riƙe wani mai jan gashi, wani mai ƙiba ya zo ta baya ya kwashe su duka. Sanda ya ji ƙasa ta zo masa. Kafin ya gama faɗuwa hannaye sun cafe shi, kuma wanda ya ture shi ɗin shi ne ya fara ɗaga shi, yana kakkaɓe masa riga, yana cewa "Sorry, Baba." Wani ya tsinto hularsa ya kafa masa a karkace. Sanda ya tsaya yana nazarin wannan irin faɗa, wanda mai kayar da kai shi ne mai tayar da kai, kuma ba wanda ke fushi. Tsayuwar nan ita ce kuskurensa. Wani ya ga dattijo da babbar riga a tsakiyar fili, ya ɗauka abin da ya zo nema ke nan. Suka ɗaga shi sama.

A iya sanin Sanda, mutum ɗaya ake ɗauka a kwance bisa kawunan jama'a, shi ma ba ya sanin an yi. Ya dafe hula da hannu ɗaya, ya kama kalmar shahada, yana kallon kwanon rufi na wucewa. Babbar rigar ta baje kamar shanya. Hannu ya miƙa shi ga hannu, har aka dire shi a kan dandamali, a tsaye, daf da mai ihu.

Zulkifilu na tsakiyar wata doguwar ƙara ce ya buɗe ido. Ya ga hula. Ya ga fuskar da ya saba gani a bangon ɗakin Kande. Ƙarar ta yanke kamar an ɗauke wuta.

Yaron ya tuɓe takalmansa, ya ja singileti yana neman rufe kafaɗa da abin da ba zai rufu ba, ya zube ƙasa ya tsuguna, kai a sunkuye. Makirufo na hannunsa, ya manta da ita.

"Baffa, ina wuni."

Gaisuwar ta fita ta manyan lasifiku, ta cika sito. Mai jita, da ya ga mai murya ya tsuguna yana magana a hankali, sai ya ɗauka an shiga wurin sanyin nan ne, ya sassauta. Mai ganga ya koma ɗan taku. Jama'a kuwa sun san abin da ake yi in Zulkifilu ya tsuguna. Ɗaya bayan ɗaya, duk ɗakin suka tsuguna.

Gaisuwa ba a barinta a ƙasa. "Lafiya lau," in ji Sanda.

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya aka baro su Alhaji?"

"Suna lafiya."

"Ya mutanen gida? Ya kasuwa? Ya aka ji da baƙunta?"

Sanda na amsawa, jita na ɗiga, wata yarinya a gaba ta lumshe ido tana kaɗa kai. Zulkifilu ya gaida kowa a Funtua har ya rasa wanda zai gaisar, ya sake komawa kan hanya. Daga bisani gaisuwa ta ƙare. Ganga ba ta tsaya ba. Ba wanda ya tashi.

Yaron ya kawar da makirufo, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Baffa, jira suke in yi ihu su tashi."

"To ka yi mana." Sanda ya faɗa kafin ya auna, sai ya yi sauri ya ƙara, "Ba cewa na yi ka yi ba."

"Ba zan iya ba a gabanka. Wallahi ko tari ba zan iya ba."

Nan Sanda ya ga ramin da ya faɗa. In ya ce wa yaron ya ci gaba, ya sa hannu a abin da aka aiko shi ya duba, ɗan aike ya zama ɗan ƙungiya. In ya yi shiru, ya bar bayin Allah cike da ɗaki a tsugune, ya kuma kashe wa yaro sana'arsa ta Asabar saboda laifin da bai wuce ladabi ba. In ya ce zai fita, ƙofa na can ƙarshen ɗaki, sai ya tsallake kawunan mutane, kuma ya riga ya bi ta kansu sau ɗaya. Ya tsaya yana juya abin. Ganga na taku. Gumi na ɗiga daga haɓar Zulkifilu.

Sai dabara ta zo masa, irin ta tsofaffi. Kunyar suruki ta ido ce. A gida ma in suruki zai ci abinci, ai ba korarsa ake yi ba, kawar da kai ake yi. Sanda ya gyara riga, ya juya wa yaron baya.

Juyawar da ya yi sai ga shi fuska da fuska da jama'a. Ɗaki guda a tsugune, ido duk a kansa. Mai ƙibar nan da ya ture shi yana sahun gaba, cinyoyinsa na rawa, ya haɗa tafin hannu. "Baba, abeg," ya ce, "gwiwa."

Tun da aka haifi Sanda bai taɓa barin ko yaro ɗaya ya daɗe a tsugune a gabansa ba, balle wannan taro. Ya ɗaga hannu ya ce, "To, ku tashi mana."

Ko sahun gaba ba su ji ba. Doguwar yarinyar mai jita ta turo masa tata makirufo da ƙafa har bakinsa. Ya maimaita. Ganga ta haɗiye maganar, domin mai gangar ya fara ƙara wuta, kamar tukunya na shirin tafasa. Mai ƙiba ya fara karkacewa gefe. Sanda ya ja numfashi har cikin cikinsa, daga wani wuri da bai san yana da shi ba, wurin da ya tara duk maganar da ya haɗiye a zauren Alhaji Balarabe da bakin kasuwa da cikin gidansa.

"Ku tashi!"

Lasifika ta yi kukan yagewa. Ganga ta fashe, ɗakin ya tashi sama gaba ɗaya. A bayansa ya ji raƙumi da injin niƙa sun dawo, amma bai waiwaya ba. Jama'a suka ɗauki kalmar suna maimaitawa, suna nuna shi. Shi kuma, da ya ga har yanzu akwai wasu a can baya da ba su miƙe ba, ya sake faɗa musu. Ya kuma sake. Daga baya ya yi ta ƙoƙarin tuna ko a karo na ƙarshe akwai sauran wanda ke tsugune, ya kasa rantsewa.

Har aka tashi bai juya ba. Da 'yan coci suka fara shigo da kujeru, Zulkifilu ya zo ta bayansa, cikin kaftani yanzu, ya tsuguna ya ce zai raka shi tasha. Sanda ya buɗe baki zai ce ba komai, sai iska kawai ta fito.

Washegari da hantsi Alhaji Balarabe ya bugo waya. Kande ta ajiye wa Sanda ruwan zafi da citta da zuma, ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ba ta da niyyar matsawa. Badiyya na bayan labule, ƙafafunta sun leƙo.

"Me ya sami muryarka?" in ji Alhaji Balarabe.

"Amfani na yi da ita, Yaya," in ji Sanda, da wata 'yar murya kamar ta ƙofar da ba a sa wa mai ba.

"To. Ka ga yaron?"

"Na gan shi."

"Yana da kunya?"

"Yaya, yana tsakiyar sana'arsa, a gaban mutane cike da ɗaki, ya gan ni. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Bai tashi ba sai da na juya masa baya. Duk wanda ke wurin ma sai da ya tsuguna."

"Duka? A Ikko?" in ji Alhaji Balarabe. "Wace irin sana'a ce haka?"

Kande ta daina tsintar shinkafa. Sanda ya ji ƙarya ta taso, mai sauƙi, wato ya ce waƙa ce kawai, ya tsaya nan. Ta zo maƙogwaro ta tsaya inda ta saba tsayawa.

"Waƙa ce ta ihu. Ihu sosai. Ana bangazar juna, amma wanda ya faɗi ana ɗaga shi."

"Ihu? Mu ba da 'yarmu ga mai yi wa jama'a ihu? Ai wannan ba aikin mai mutunci ba ne."

"Haka ni ma na ɗauka. Sai dai in don ihu za a hana shi, akwai wanda ya fi shi a wurin jiya. Shi ya kamata a fara cirewa daga dangi."

"Waye shi?"

"Wani dattijo ne daga Funtua."

Sanda ya ji yayansa ya yi wani sauti, tsakanin tari da wani abu daban.

"Kai? Sanda? Kai da ko akuya ba ka iya kora?"

"Gwiwoyinsu ne suka gaji, Yaya."

"Ban gane ba, kuma ba na son in gane." Alhaji Balarabe ya ja numfashi. "Kunya na tambaya, ka ce akwai. Ka ce wa iyayensa su zo. Amma ranar ɗaurin aure kada in ji ko gyaran murya, daga shi har kai."

Ƙafafun da ke bayan labule suka ɓace da gudu. Kande ta ɗauki farantinta tana girgiza kai.

"Ƙanin miji, Khamisu ya ce hotonka na yawo a waya. Wai yaran na tambaya ko za ka kai wata Asabar."

Sanda ya kurɓi ruwan citta. Motar Funtua ranar Alhamis take tashi, kuma ya riga ya gaya wa matarsa a ita zai dawo. Ya daɗe yana kallon tambarin da ke bayan hannunsa, wanda alwala ba ta gama wankewa ba.

"Ranar Lahadi ma akwai mota, ko?" ya tambaya.